Amsoshin Tambayoyinku: Kallon Tsuntsayen Bakin Ruwa a Agusta da Satumba, da Batun Jabun Madubin Hangen Nesa

Wasiƙun da suka taru a hannuna cikin makonni biyun nan, mafi yawansu a kan abu ɗaya suke magana, wato fita kallon tsuntsayen bakin ruwa da kayan da mutum zai saya kafin ya fita. Ban yi mamaki ba, domin daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da muke cikin marka a gida su kuma mutanen Turai zafinsu yake ƙarewa, tsuntsayen da suka yi ƙyanƙyasa a ƙuryar arewacin duniya suna kan hanyarsu ta cin rani, gaɓar teku da dausayi kuwa su ne zangonsu. Na taƙaita tambayoyin, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce 'yar Katsina, ina karatu a Landan. A ƙarshen Agusta zan miƙa kundin bincikena, kuma ina so in yi yini guda a bakin teku in ga tsuntsayen da ake ta labari. Kuɗina kaɗan ne, ba ni da madubin hangen nesa, ban san sunan tsuntsu ko ɗaya ba, kuma ina jin tsoron in je in zama ni kaɗai ce mai hijabi a cikin tsofaffin Turawa. Ina zan je, me kuma zan saya?

Amsa: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki sayi komai tukuna. Rashin sanin suna ba ya hana gani, kuma masu wannan sha'awa, a iya zamana da su, babu abin da ke faranta musu rai kamar sabon zuwa ya tambaye su sunan tsuntsu. Idan kika zauna a ɗaya daga cikin rumfunan katakon da ake ɓuya a ciki ana leƙe ta taga, kika yi gaisuwa da murya ƙasa ƙasa, da wuya ki tashi wani bai ce ki zo ki duba ta madubinsa ba. Idan duk da haka zuciyarki ba ta natsu ba, ki ɗauki ƙawa ɗaya, ku raba kuɗin guzuri.

Ki je Titchwell, a gaɓar arewacin gundumar Norfolk. Gandu ne na ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda aka kafa tun 1889. Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar King's Cross zuwa garin King's Lynn, daga nan kuma akwai motar bas da ke bin gaɓar teku. Na zaɓa miki shi saboda hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kimanin kilomita 1, daga ofishin baƙi zuwa rairayin teku, kuma a wannan ɗan taƙin za ki ratsa ciyayin fadama, da tafkin ruwan daɗi, da na ruwan gishiri, kowanne da irin tsuntsayensa. Akwai makewayi, akwai wurin shan shayi, akwai ma'aikata, kuma ana ba da hayar madubi na yini. Ki sayi tikitin jirgi tun da wuri domin ya fi sauƙi, ki duba lokacin bas na ƙarshe kafin ki bar gida, ki tafi da rigar sanyi da ta ruwa ko da rana ta fito, saboda iskar wannan gaɓa ba ta san Agusta ba. Ki riƙe 'yar dardumarki da ruwan alwala. Kada ki yi gaggawar biyan kuɗin zama mambar RSPB na shekara a ranar farko. Sai kin tabbatar za ki koma sau huɗu ko biyar sannan lissafin zai fita.

Lokacin da kika zaɓa yana da kyau ƙwarai. Iyayen tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo su ke fara gangarowa tun a Yuli, 'ya'yan bana kuma su biyo baya a Agusta da Satumba, da sabon gashi tsaf, ba su ma gama sanin tsoron mutum ba. Za ki ga fari da baƙin nan mai baki lanƙwashe sama da Turawa ke kira avocet, wanda shi ne tambarin RSPB. Ya daina ƙyanƙyasa a Ingila kusan shekara ɗari kafin ya dawo a 1947. Mai yiwuwa ki ga farin nan mai baki kamar ludayi, wanda ya koma ƙyanƙyasa a Holkham, nan kusa, tun 2010. Ki nemi a nuna miki wanda ake kira ruff, domin irinsa ne ke cika gonakin shinkafa na fadamar Hadeja da Nguru da hunturu. Agwagin ruwa kuwa kada su dame ki idan kika kasa bambance su, domin a wannan lokaci mazan suna sauya gashi, sun zama kamar matan, har gwanaye ma suna dogon nazari kafin su faɗi suna.

Gargaɗi ɗaya zan yi miki, kuma ina so ki riƙe shi da kyau. Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, kullum kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Cikar da ta fi girma tana zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ke bin daren sha huɗu, saboda haka kalandar Musulunci da ke wayarki za ta yi miki amfani a nan. A irin wannan babbar cika ce ruwa yake kore dubun dubatar tsuntsaye daga taɓon Snettisham, wani gandun RSPB a Norfolk, su tashi sama kamar hayaƙi, abin da ake gani a hotuna ke nan. Amma Snettisham tafiyar ƙasa ce ta sama da kilomita 2 daga inda ake ajiye mota, sau da yawa da asuba ake yi, kuma idan ba a ranakun da RSPB ta wallafa aka je ba, taɓo kawai za a tarar. Ki bar shi sai karo na biyu. Duk inda kika je, kada ki taka taɓon da teku ta janye ta bari, komai kusancin tsuntsun. Ruwan yana dawowa ta bayan mutum, ta ƙananan kwazazzabai, ya yanke masa hanya kafin ya ankara. A watan Fabrairun 2004 sama da mutum 20 'yan ƙasar Sin masu tsintar ƙwanso suka halaka ta wannan hanya a gaɓar Morecambe ta Ingila. Idan kika ga wani ya maƙale, ki kira 999 ki nemi masu tsaron gaɓa. Mushen tsuntsu kuma kada ki taɓa shi, saboda murar tsuntsaye.

Tambaya: Ina zaune a Ingila, ina so in sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara domin in ɗauki garken tsuntsaye daga sama, da kuma lasifika da zan riƙa kunna kukansu su matso. Wane iri ya fi?

Amsa: Babu wanda ya fi, kuma ban ji daɗin tambayar ba. Tsuntsun da ka gani a tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa ya yi tafiyar dubban kilomitoci, yana da wasu dubban a gabansa, kuma kitsen da zai kai shi yake tarawa. Duk tashin da ka sa ya yi a banza, daga guzurinsa ka ɗiba. Gandayen tsuntsaye irin na RSPB ba sa barin a tashi irin wannan jirgi a cikinsu ba tare da izini ba, kuma za a kore ka da gaskiya. Ka ajiye kuɗinka, ka koyi zama wuri ɗaya na awa guda ba tare da motsi ba.

Tambaya: Ni tsohon malamin firamare ne a ƙasar Bade, na yi ritaya. Tun ina yaro nake son tsuntsayen fadama. Na tara daga ɗan fanshona na sa aka sayo mini madubin hangen nesa mai jan gilashi, an rubuta 60x60 a jikinsa da sunan wani babban kamfani, mai sayarwa kuma ya ce har da dare yana gani. Idan na duba sai in ga tsuntsu ɗaya ya zama biyu, kaina ya yi ta ciwo. Idona ne ya lalace, ko kuwa ban iya amfani da shi ba ne?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Idan kuna gani daidai da kun sauke madubin, to laifin ba na idonku ba ne, ba kuma na hannunku ba. An cuce ku ne, kuma wasiƙarku ce ta fi tsaya mini a rai a duk makon nan, domin na san abin da ake nufi da tara kuɗi daga fansho. Ni ma an taɓa sayar mini da irinsa a wata kasuwa shekarun baya, na yi damina guda ina zargin idona. Ku yi mini haƙuri in tsawaita, domin mutane da yawa suna faɗawa wannan rami.

Lambobi biyun da ake rubutawa a jikin madubi ba ado ba ne. Ta farko tana faɗin sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita. Idan an rubuta 8x42, tsuntsun da ke nisan mita 80 zai zama kamar yana mita 10, gilashin gaba kuma faɗinsa milimita 42. To Baba, ku sa jikanku ya ɗauko rular makaranta ya auna gilashin gaban naku. Na yi imani ba zai kai milimita 60 ba, watakila ma da kyar ya wuce rabi. Wannan ƙarya ta farko ke nan, kuma rula ta isa ta tona ta. Ta biyu ta fi muni. Madubin da ke kusantowa sau 60 ba ya riƙuwa a hannu, domin yadda yake ƙara girman tsuntsu haka yake ƙara girman rawar hannu, har bugun zuciyar mutum sai ya girgiza hoton. Shi ya sa masu wannan harka a duk duniya suke tsayawa a kan 8 ko 10, abin da ya wuce haka kuma sai an ɗora shi a kan ƙafa uku. Wanda yake son ya san gaskiyar ƙarfin madubinsa, ya tsaya gaban katangar bulo, ya duba da ido ɗaya ta cikin madubi, ɗaya idon kuma a buɗe a waje, ya ƙirga bulo nawa na ido tsirara ke shiga cikin bulo ɗaya na madubi. Yawancin masu 60x60 ɗin nan bakwai ko takwas za a samu.

Jan gilashin kuwa shi ne ya fi ba ni haushi, domin da shi ake farautar mutane. Shafe ne da ke tare jan haske, ya ɓoye aibin gilashi maras kyau, ya bar hoton da duhu da launin kore kore, alhali mai kallon tsuntsu launi yake nema. Ba shi da wata alaƙa da ganin dare. Na'urar ganin dare ta gaskiya da batir take aiki, kuɗinta kuma ba na wasa ba ne. Duk madubin da ba ya cin batir aka ce muku yana gani a duhu, ku ajiye shi ku yi gaba. Haka kuma masu ɗan maɓallin da aka ce yana ƙara ƙarfi daga 10 zuwa 30 ko fiye: filin da suke nunawa ƙunci ne, suna yin duhu idan aka ƙara, kuma su ke fara lalacewa.

Ganin biyu biyun da kuke yi yana da dalili. Madubi bututu biyu ne, kowanne da gilasai masu kusurwa a cikinsa da ke miƙar da hoto, kuma dole bututun biyu su kalli wuri ɗaya daidai wa daida. A jabun kaya da ɗan gam ake liƙa gilasan nan, girgizar mota a hanyar Gashuwa kaɗai ta isa ta gusar da su. Idan suka gusa, idanu su ke wahalar haɗa hoton, daga nan ciwon kai ya zo. Ku daina amfani da shi, domin gyaransa sai ya fi kuɗinsa, mai gyaran ma ba ko'ina ake samu ba. Idan ana iya mayar da shi, ku mayar, ku tafi da rula.

Sunan babban kamfani a jikin kaya ba ya nuna komai, tun da mai buga lambar ƙarya ba zai ji nauyin buga sunan ƙarya ba. Farashi ya fi suna faɗin gaskiya. A Ingila madubi mai kyau na masu farawa yana kamawa daga kusan fam 100 zuwa 200, manyan kuwa irin na Swarovski da Zeiss da Leica suna haura fam 2,000. Kowa ya san nawa ake canjin fam a yau, kowa kuma ya san ɗan kasuwa ba ya faɗuwa da gangan. Idan aka miƙo muku sabon madubi a kwali da sunan Nikon ko Bushnell a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa biyar ba, to kamfanin bai san da zamansa ba. Iyayenmu da suka ce araha ba ta ado, sayen nagari kuma mayar da kuɗi gida, irin wannan suke nufi.

Ga abin da za ku yi idan Allah ya hore wani karon. Ku nemi 8x42, ko 8x32 idan nauyi yana damun wuyanku. Kada ku aika, ku je da kanku ko ku tura wanda ya sani, kuma kada ku biya kuɗin abin da ba a taɓa da hannu ba, balle wanda aka gani a hoton Facebook aka ce a tura kuɗi kafin a aiko. Ku riƙe madubin nesa da fuska ku fuskanci haske, za ku ga ɗigon haske a kowane gilashin ido. Ya kamata ya zama kewayayye tas, faɗinsa kuma abin da ake samu idan aka raba lamba ta biyu da ta farko, wato milimita 5 da ɗoriya ga 8x42. Ku dubi wayar lantarki ko bakin rufin kwano, ku janye idanu a hankali, ku ga ko layin ya karye gida biyu. Ku girgiza shi a kunne, idan wani abu yana ƙara a ciki ku ajiye. Ku haska tocila ta gilashin gaba, idan kun ga zare zare kamar yanar gizo gizo, funfuna ce ta damina, ba ta fita da shafa. Tsohon madubi na gwanjo na kamfanin gaskiya da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje ya fi sabon jabu sau goma, kuma a nan nake ba masu ƙaramin ƙarfi shawara su nema, ko su roƙi ɗan uwa mai dawowa daga waje ya sayo a kantin da ke ba da takardar garanti. Bayan an samu, kada a goge gilashi da bakin riga, musamman da hunturu, domin ƙura yashi ce, tana kankare shafen. A hure ta tukuna. Kada kuma a bar yaro ya kalli rana da shi ko sau ɗaya, domin yana iya rasa idonsa.

Tambaya: Ina kasuwancin kayan waya a Kano, na ga ana neman madubin nan mai jan gilashi, riba kuma tana da kyau. In sayo katon biyu?

Amsa: Alhaji, ka karanta wasiƙar da ke sama da taka, ka ga wanda ribar za ta fito daga aljihunsa. Idan za ka sayar da shi a matsayin abin wasan yara, da farashin abin wasa, kana faɗin gaskiyar ƙarfinsa, wannan tsakaninka da kasuwa. Amma ka san lambar da ke jikinsa ƙarya ce ka yi shiru, wannan algus ne, ba ka kuma buƙatar ni in gaya maka hukuncinsa. Ka kawo guda goma na gaskiya a maimakon katon biyu, ka bar mai saye ya gwada a ƙofar shago. Ɗaliban jami'a da ma'aikatan gandun daji suna nema ba sa samu.

Tambaya: Mu matasa shida ne a Kano. Mun ga hotunan gandayen Turai cike da tsuntsaye a wannan watan, sai muka yi karo karo domin mu ɗauki hayar mota mu je dausayin Dagona da na Baturiya, a fadamar Hadeja da Nguru, kafin Agusta ya fita. Ya ka gani?

Amsa: Samari, niyyarku ta yi, lokacinku ne bai yi ba. Tsuntsayen da kuke gani a hotunan nan ba su iso ba tukuna, suna da tekun Bahar Rum da hamadar Sahara a gabansu. Na farko farko sukan fara bayyana a Satumba, amma cikar fadamar da baƙin agwagi da sauran masu cin rani sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ya fara ja, ciyawa ta kwanta, tsuntsaye suka tattaru a tafkunan da suka rage. Shi ya sa ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu. A yanzu kogin Hadeja da na Jama'are suna kan cika, ruwa ya bazu ko'ina, tsuntsaye sun warwatsu, hanyoyin ƙauyuka kuma sun zama caɓi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a Jigawa sun san abin da nake faɗa. Kuɗin man da za ku ƙona, da na masu turo mota daga laka, ya isa ya kai ku sau biyu da rani.

Wurin ya cancanci a jira shi. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, Dagona da Baturiya kuma suka shiga a 2008. Dagona yana ƙarƙashin gandun ƙasa na yankin Tafkin Chadi, saboda haka ba wurin da za a faɗa kai tsaye ba ne. Ku nemi izini a ofishin gandun, ku ɗauki ɗan jagora, ku gaida bulama ko mai unguwa kafin ku fito da kyamara. Ku tambayi halin tsaro a ranar tafiya, ba na makon jiya ba. Madubi da kyamara su zauna a jaka a duk shingen jami'an tsaro, kuma ku riƙe katin shaida, domin a arewa maso gabas baƙon da ke leƙen nesa da na'ura yana jawo tambaya. Kada ku shiga kwale kwale babu rigar kariya, kada ku yarda a cika shi, kada kuma ku shiga ruwan da ƙafa saboda tsargiya. Za ku tarar ciyawar kacalla ta toshe wasu hanyoyin ruwan, abin da ya tsananta bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke zuwa; ku saurari masunta a kan wannan, sun fi kowa sani.

Kafin nan kada ku zauna. Duk wata fadama ko kududdufi na bayan gari a yanzu yana da balbela da zalɓe da ƙirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, marai yana saƙa da rawayar rigarsa ta damina, shamuwa kuma tana shirin barinmu zuwa kudancin Afirka. Ku koyi waɗannan da kyau, domin wanda bai san ɗan gida ba ba zai gane baƙo ba idan ya zo. Daga kuɗin karo karon ku sayi madubi ɗaya mai kyau ku riƙa karɓa karɓa.

Tambaya: Ina Nima a birnin Akra. Tafkin Sakumo bai yi mini nisa ba. In sayi kyamara mai dogon baki ne ko madubi mai ido ɗaya da ake ɗorawa a kan ƙafa uku?

Amsa: Ɗan uwa, kai ne lokacin nan ya fi yi wa daidai a cikin masu rubuto mini daga Afirka, domin tsuntsayen da ke bin gaɓar teku suna fara sauka a tafkunan Gana tun ƙarshen Agusta, su ƙaru a Satumba. Sakumo, tsakanin Akra da Tema, yana cikin dausayoyin gaɓa biyar da Gana ta sa a jerin Ramsar a 1992, tare da Keta da Songor da Densu da Muni, ko da yake gine gine da ƙazanta sun ci shi ƙwarai. Idan ba ka da madubi mai ido biyu, da shi za ka fara. Idan kana da shi, mai ƙafa uku ya fi maka amfani a fili mai faɗi irin wannan, da sharaɗin kada ka yi rowa a kan ƙafar, domin madubi mai tsada a kan ƙafa mai rawa asarar sidi ce. Kyamara ta jira. Iskar gishiri tana cin ƙarfe da gilashi, saboda haka ka goge kayanka da ɗan ƙyalle mai laima idan ka dawo. Ka fita da sassafe, kuma kada ka je wurin da babu mutane kai kaɗai da kaya masu tsada.

Tambaya: An yi mini tallar gauraka biyu domin in ajiye a gidana. Nawa ya kamata in biya?

Amsa: Ko sisin kwabo. Gauraka ya kusa ƙarewa a dajin Najeriya, yana cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana a duniya, kuma kamun da ake yi domin kawata gidajen masu hali yana cikin manyan dalilan. Biyun da aka kawo maka daga fadama aka ɗauko su, kuɗin da za ka biya kuma shi zai tura mai tarko ya koma.

Tambaya: Ɗana yana da shekara 14, ba shi da magana sai ta tsuntsaye, har littafi yake cikawa da zanensu. Mahaifinsa ya rasu, ina tsoron kada wannan ya ɗauke masa hankali daga karatu. Yana roƙona in saya masa littafin tsuntsaye, na tambaya na ji tsada. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya raya miki shi. Yaron da zai zauna ya lura da tsawon baki da launin ƙafa har ya zana, karatu yake yi, kuma irin wanda malaman kimiyya ke nema. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI kusa da Jos, wadda ke ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos, kuma ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, inda matasa masu sa kai, har da na Arewa, ke fita suna rubuta abin da suka gani. Ki faɗa masa wannan, ki kuma gindaya masa sharaɗi cewa fita fadama sai ranar da babu makaranta, tare da babba, ya dawo kafin la'asar.

Kada ki matsa wa kanki a kan littafin a yanzu. Wanda masana ke riƙewa a yankinmu shi ne na Borrow da Demey a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, yana da tsada kamar yadda kika ji, kuma kwafen da ake bugawa a ɓoye launinsu ya kauce, alhali launin ne amfanin littafin. Kada kuma a ruɗe ki da littafin tsuntsayen Turai ko Amurka na gwanjo don yana da araha, yawancin abin da ke ciki ba zai gani a nan ba. Akwai manhajar waya mai suna Merlin, ta Jami'ar Cornell, kyauta ce. A sauke masa kundin yankinmu sau ɗaya a wayarki, daga nan tana nuna hotuna ko babu data, sai dai kada ya dogara da ita wajen gane kuka, domin a nan ba ta ƙware da tsuntsayenmu ba. Abin da za ki saya masa a wannan watan shi ne littafin rubutu mai kauri, da fensir, da takalmin roba, da gidan sauro idan nasa ya yage. Ki ce ya riƙa sa kwanan wata da sunan wuri a kan kowane zane, ya kuma tambayi tsofaffin unguwa sunan kowane tsuntsu da Hausa ya rubuta a gefe. Idan ya cika littafin zuwa Janairu, ki sake rubuto mini mu yi maganar madubi.